Kunnen Bayan Katanga

Cikin duk masu kirana in haɗa musu sifiku a Limanti, ban taɓa samun wanda ya ce sautinsa ya yi yawa ba. Kukan kowa iri ɗaya ne: "Malam, bes ɗin ba ya fita." Sana'ata ke nan, gyaran rediyo da amfilifaya da ɗaura lasifika a gidaje da masallatai, kuma na daɗe a cikinta har na daina musu da masu wannan kuka, domin yawancinsu gaskiya suke faɗa. A inda suke zaune ba ya fita ɗin. Yana dai fita a wani wuri, wurin kuma galibi ɗakin wani ne.

Abin lissafi ne. Sauti kaɗawar iska ne, kuma a zafin Maiduguri yana gudun kusan mita 350 a daƙiƙa guda. Siririn sauti irin na algaita igiyarsa gajera ce. Kakkauran sauti kuwa, wanda ke fitowa daga babban akwatin nan da muke kira ufa, igiyarsa doguwa ce. Mai kaɗawa sau 44 a daƙiƙa tsawonta ya kai mita 8. To ɗauki ɗakin ango mai tsawon mita 4. Igiyar ta ninka ɗakin, sai ta bugi bango ta dawo ta yi karo da mai tahowa. A jikin bangon gaba da na baya sukan haɗa ƙarfi, a tsakiyar ɗaki kuma sukan kashe juna. Mai ɗaki ya shimfiɗa kafet a tsakiya, ya kishingiɗa a daidai wurin da sautin ya mutu, ya ji shiru, sai ya miƙa hannu ya ƙara murɗawa.

Kunnen ɗan Adam ma yana taya shi ruɗewa. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunnenmu ya fi kaifi a tsakiyar sauti, inda magana take, kakkaura kuwa sai an ba shi ƙarfi sosai kafin a ji shi daidai da sauran. Sannan ga katanga. Bulo yana tare siririn sauti da kyau, amma duk lokacin da kaurin sauti ya ninka, abin da katanga ke iya tarewa yana raguwa. Shi ya sa maƙwabci ba ya jin baitin waƙar, ba ya jin muryar mawaƙin, abin da ke iso masa dum, dum, dum ne kawai. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sha'anin sauti maganar ta juye, mai ɗaki ne ƙarshen sani.

Wani ango, ɗan abokina, ya kira ni bayan bikinsa. An kawo homtiyata cikin kayan ɗakin amarya, kamar yadda ake yi yanzu, an cusa ufar a kusurwa don kada ta tare hanya. Kusurwa kuwa ita ce wurin da ufa ta fi ƙarfi, saboda bango biyu da daɓe duk suna taya ta. Bangon nan shi ya raba ɗakinsa da na wata tsohuwa da ta baro Bama tun 2014 da jikokinta. Ba ta taɓa yi masa magana ba. Kunya ta hana, ga shi kuma tana ganin kanta baƙuwa a unguwar duk da shekarun da ta yi. Ta bakin mata maganar ta zagayo ta kai ga mahaifiyarsa.

Na ce ya kunna yadda ya saba, na yi sallama na shiga wajenta. Jeren kwanukan samira da ke cikin kabad ɗinta suna ta karkarwa, murfi na bugun murfi. Ruwan da ke cikin kofin silba a kan daɓe yana yin zobe-zobe. Na ce, "Iya, haka yake kullum?" Ta ce, "Ɗana, ni ban ma san wace waƙa yake ji ba. Dum ɗin nan ne. In ya zo da dare sai in tashi zaune ina sauraro, ta wane gefen gari ne."

Wanda bai zauna a garin nan a shekarun tashin bama-bamai ba zai ɗauka tsufa ne ke damunta. Sautin da kaɗawarsa ta yi ƙasa da sau 80 a daƙiƙa, kunne ba ya iya faɗin ta inda ya fito. Masu kanti suna sayar da wannan a matsayin alheri, su ce maka ajiye ufa ko'ina, ba mai gane inda take. A Maiduguri kuwa mun yi shekaru muna jin dum daga nesa, tambayar farko da ke fitowa a bakin kowa ita ce "ta ina?" Mutumin da jikinsa ya koyi wannan tambaya, in ka aika masa dum marar alƙibla da ƙarfe ɗayan dare, ka taɓa masa wani abu da ya wuce barci.

Da na koma na faɗa wa angon, ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. A ɗakina nake, da kuɗinmu aka saya, kuma ban yi nufin cutar da kowa ba." Gaskiya ya faɗa duka uku. A nan tambayar take: shin mutum yana ɗaukar alhakin cutar da bai yi nufi ba, bai gani ba, bai kuma ji ba?

Ban shiga batun halaccin kiɗa ba, wannan fagen malamai ne, kuma akwatin da ke buga waƙa da yamma shi ne ke karatun Alƙur'ani da safe, bangon Iya ba ya bambancewa. Niyya kuma, duk wanda ya zauna a zaure ya san da hadisinta Bukhari ya buɗe littafinsa. Amma niyya tana magana ne a kan abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa na lada da zunubi. A fiƙihunmu wanda ya fasa tulun wani bisa kuskure ba shi da zunubi, biya kuwa sai ya biya. Kyakkyawar niyyar ango ba ta mayar wa tsohuwa barcin da ta rasa ba. Batun "a ɗakina nake" ma bai tsaya da ƙafarsa ba, tunda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, kuma a kansa malaman mazhabarmu suka gina hukunce-hukuncen hayaƙi da wari da magudanar ruwa da tagar da ke leƙa gidan wani. Ikonka a kan ɗakinka yana ƙarewa a inda abin da ke fita daga ɗakin ya fara shiga na wani.

Uzuri na uku, rashin sani, shi ya fi ƙarfi, kuma a kansa na fi daɗewa ina tunani. Abin da ya warware mini shi ne labarin wani magini na Tunis, Ibnur Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14 na Miladiyya. Alƙalai kan aika shi ya duba rigingimun maƙwabta a kan gini, daga baya ya tara abin da ya gani da fatawoyin Malikiyya a littafi. A cikinsa an kawo yadda ake gwada mai dutsen niƙa da dabba ke juyawa idan maƙwabci ya kai ƙara cewa girgizar tana cutar da katangarsa. A samo takarda, a ɗaure kusurwoyinta huɗu da zare, a rataye ta a rufin da ke kan katangar da ta raba su, a zuba 'yan busassun ƙwayoyi marasa nauyi a kanta, sannan a ce wa mai niƙa ya juya. In ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata. Malaman zamanin sun yi saɓani a kan ƙara zalla, ko ta isa a hana mutum sana'arsa, amma girgiza ba su yi wasa da ita ba. Abin da ya kama ni a gwajin shi ne wurin da ake yin sa. Ba a tambayi mai niƙa ko yana jin girgiza ba. An san yana tsakiyar aikinsa, ba zai ji ba. A jikin katanga ake aunawa.

Ra'ayina ke nan, kuma na mai gyaran rediyo ne: rashin sani uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar sani. Wanda ya sayi abin da ƙarfinsa ya wuce inda kunnensa ke kaiwa, tare da akwatin ya sayi wajibcin tashi ya je ya tambaya. Mai bugun ganga kura a ƙofar fadar Shehu yana jin abin da yake bugawa a kafaɗarsa, hannunsa yana gajiya, dole ya huta. Amfilifaya ba ta da kafaɗa. Da yatsa biyu yaro ɗan shekara goma zai fitar da abin da makaɗa goma ba za su iya ba, ya kwana yana yi bai yi gumi ba. Tunda jiki ya daina gaya mana iyaka, sai mun nemo ta a bakin wani.

Yadda nake saita ufa kuwa ba wani sirri ba ne. Nakan ɗauke ta in ɗora a daidai wurin da mai ɗaki ke zama, in kunna abu mai kauri, sannan in durƙusa in yi rarrafe a gefen bango ina sauraro. Inda na ji kaurin ya fito sumul, bai yi kumburi ba bai kuma ɓace ba, nan ne mazauninta, domin hanyar da sauti ya bi daga kujera zuwa can ita zai bi daga can zuwa kujera. Yaran gida kan taru suna dariya, dattijo da furfura yana rarrafe. Sai in nisanta ta da bangon da aka yi tarayya, in sa mata katifar roba ko tsohuwar darduma a ƙasa don kada ta riƙa dukan daɓe kai tsaye. In tana da maɓallin raba sauti nakan tsayar da shi wajen 80, ƙananan sifiku su ɗauki abin da ke sama. Ma'aunin da nake bi shi ne a rage ta har sai an daina lura da ita, in an kashe kuma a ji wani abu ya ɓace. Angon nan da muka gama ya ce bes ɗin ya fi na da, alhali maɓallin bai kai rabin inda yake a baya ba. Aikin ƙarshe shi ne shiga gidan maƙwabci, kuma yanzu mai kayan nake turawa, ni in tsaya a wajen maɓalli. Wasu kan ƙi zuwa. Ba na tilasta su, kuɗin aikina dai iri ɗaya ne.

Duk wannan mai sauƙin faɗa ne, don ba mai jin nauyin tsawata wa ango da waƙarsa. Inda harshe ke nauyi shi ne masallaci, kuma ni ne mai hawa tsani in ɗaura lasifikar.

Limanti tsohuwar unguwa ce a gindin fada, cikin unguwannin da suka tashi bayan Shehu Garbai ya koma Yerwa, wato Maiduguri ta yau, a 1907. Unguwar malamai ce da gwanayen Alƙur'ani, gida manne da gida, lungu kaɗan ne ba masallaci ko tsangaya. A da rashin wuta yana yi mana iyaka. Amma tun da aka kayar da turakun wutar hanyar Damaturu a Janairun 2021, gari ya daɗe a duhu, masallatai da yawa suka koma sola da batir. Alheri ne, fanka na juyawa a azumin zafi. Sai dai amfilifaya ma ta daina mutuwa.

Lasifikar kan hasumiya, irin su Ahuja da TOA masu faɗin baki, kishiyar ufa ce. Ba ta da kauri ko kaɗan, tsakiyar sauti take harbawa gaba, daidai inda kunne ya fi kaifi. Amma cutar ɗaya ce. Ladan da liman suna ciki, a ƙarƙashinta kuma a bayanta, wurin da ya fi ko'ina ƙarancin jin ta. Wanda tagarsa ke kallon bakinta a gida na uku shi ke sha. Da asuba kuma iskar ƙasa ta yi sanyi, takan lanƙwaso sauti ƙasa ya yi nisa fiye da rana, ga gari shiru. A goman ƙarshe na Ramadan ka tsaya a tsakar gida da ƙarfe biyun dare, za ka ji limamai uku ko huɗu a lokaci guda, wannan yana Baƙara, wancan yana Yasin, wani ya yi kabbarar ruku'u. Matar da ke nafila a ɗakinta ta rasa ayar da take. Ga maɓallin eko da samari ke so su kai ƙarshe don murya ta yi kama da ta Harami. Eko yana cinye baƙaƙe, sinun da sadun su zama ɗaya. A garin da ake alfahari da Warshu da tajwidi, wannan kaɗai ya isa a rage shi.

Na taɓa kawo maganar a gaban wani Goni da na girma ina ɗaukar masa buta. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kai yaro, don me aka ce Abdullahi ɗan Zaidu ya koya wa Bilalu kiran salla, alhali shi ya yi mafarkin? Ba don muryar Bilalu ta fi kaiwa nesa ba?" Ya tuna mini Bilalu yana hawa kan gidan wata mata 'yar Banu Najjar saboda ya fi na kewaye tsawo, da hadisin Abu Sa'idu da ya umarci makiyayi ya ɗaga murya da kiran salla ko yana daji, don duk abin da ya ji zai yi masa shaida. Ya ƙara da abin da ba ya cikin littafi: a shekarun dokar hana fita, lokacin da ba mai leƙa ƙofa bayan magariba, kiran salla daga unguwa zuwa unguwa shi ne ke gaya wa mutane cewa can ma da sauran masu rai. Wannan na shaida shi da kunnena, ba ni da abin cewa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duk a kan kiran salla ne." Kiran salla sanarwa ce, an yi shi don na nesa, kuma minti kaɗan ne. Karatun cikin salla hukuncinsa daban. A ƙarshen Suratul Isra'i, aya ta 110, an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsaka-tsaki tsakanin ɗagawa da ɓoyewa. Abu Dawuda ya ruwaito daren da Annabi ya wuce Abubakar yana karatu ƙasa-ƙasa, ya wuce Umar yana ɗaga murya, da safe kowa ya faɗi dalilinsa mai kyau, amma aka ce wa na farko ya ɗan ɗaga, na biyu ya ɗan sauke. Shi ne kuma ya ruwaito lokacin i'itikafi da Annabi ya yaye labule ya hana masu karatu ɗaga murya a kan juna, don kowa ganawa yake da Ubangijinsa. Wannan a cikin masallaci ɗaya ne, da muryar maƙogwaro. Risala ma da muke karantawa tun muna yara ta auna bayyanawar mai salla shi kaɗai da jiyar da kansa da wanda ke kusa da shi. Lasifika baƙuwa ce a addini, masallacin Sultan na Singafo da ake lissafawa cikin na farkon ɗaura ta a 1936 ne ya yi. A 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Indonesiya ta fitar da tata ƙa'idar a 2022, ta sa iyakar desibel 100. Ba ina kira gwamnati ta shigo mana masallatai da ma'auni ba, mun ga abin da ke biyo bayan irin wannan. Ina nuna cewa mai cewa a rage bai fita daga sahu ba.

Goni ya yi shiru, sannan ya kawo abin da ya fi duk hujjojinsa. A lungunsu akwai dattijon da ya yi shekaru yana sahun farko, yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, kunnensa kuma ya yi nauyi. Tahajjudin da ke fitowa daga lasifika shi ne abin da ya rage masa na Ramadan, iyalinsa sun ce yana bin karatun da leɓe. Gida biyu daga nan akwai mai jego da jaririn da ke firgita. Ya ce, "To kai mai aunawa a jikin katanga, katangar wa za ka auna?"

Tambayar ta fi ƙarfina a matsayin hukunci, amma a matsayin aiki tana da amsa. Na raba layi biyu, na ciki da na waje, kowanne da makunninsa. Na sunkuyar da bakin lasifikar da ke kallon gidaje, na juya ta ta bi tsawon lungu. Sannan na ja waya ta kan katangu zuwa ɗakin dattijon, na ɗaura masa 'yar ƙaramar sifika a gefen gado da maɓallinta a inda hannunsa mai lafiya ke kaiwa. Kuɗin wayar bai kai na buhun gawayi ba. Ya ce bai taɓa jin karatun liman tas haka ba, don a da abin da ke iso masa gauraye yake da na sauran masallatai. Gidaje biyu suka nemi a ja musu irinta saboda tsofaffinsu.

Kwamitin masallaci bai ji daɗi duka ba. Wani ya ce yanzu in an kashe ta waje, masallacin da ke bayanmu ne zai cika unguwa, har mamu na sahun baya su riƙa jin limaminsu fiye da namu, mutane kuma su ɗauka mun daina tahajjudi. Ba ƙarya ya yi ba, haka ya faru a daren farko. Yawancin lasifikun da na ƙara wa ƙarfi a rayuwata, dalilin da aka ba ni shi ne na maƙwabta sun fi namu. Wannan ba ni da waya ko makunnin da zai gyara shi. A daren ashirin da bakwai wani saurayi ya kunna layin waje ba tare da ya tambayi kowa ba, ba wanda ya kashe. Goni ya ce zai je da kansa wajen limamin masallacin bayan, tare suka yi karatu a tsangaya, amma sai bayan Salla, kada a ce ya zo da rigima cikin azumi.